Muryar Baba a Cikin Kwali

Shekara shida na yi ina aiki a wani asibitin ido a Dakar, ina rubuta sunayen marasa lafiya da ranar da za su dawo. A shekara ta huɗu Baba ya zo aka cire masa yanar ido, ya zauna wurina wata biyu. Da yake an rufe masa ido ba ya iya duba littafi, sai ya koma zance. Ranar da ba ni da aiki nakan buɗe ordinatar tawa, wato kwamfuta irin wadda ake naɗewa a sa jaka, in ajiye ta gabansa tana ɗaukar muryarsa. Ya ba ni labarin yadda kakanmu ya sauko daga wajen Tagriss da raƙuma uku, da rijiyoyin da ya haƙa, da farin da ya cinye garken. Wani lokaci yakan tsaya ya yi tari, ya ce, "Tana ji dai, ko?" Shekara guda bayan ya koma Dakoro ya rasu. Ban samu jana'izarsa ba.

Da na ajiye aikin zan dawo gida, ta ƙasa na biyo tare da kayan ɗakina, tafiyar da ta wuce mako. Na ji tsoron girgizar mota da binciken kan iyaka, sai na yanke shawarar aiko ordinatar ta jirgi. A wurin masu aiken kaya suka sa na cika takarda saboda batirin, suka naɗe ta da soso, ni kuma na ƙara da tsohon zanena. Na kwafe muryar Baba a ƙaramar kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinatar a gefe, sannan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta: na jefa kilen cikin kwali ɗaya da ordinatar.

Masu aiken ba su da reshe a Dakoro, sai a Maraɗi. Na rubuta sunan ƙanena a matsayin mai karɓa. Ɗan ƙanen Baba ne, amma a gidanmu ya tashi tun yana shekara biyar, bayan rasuwar mahaifinsa. Ni na goye shi. Yana da shago a kasuwa inda yake zuba wa mutane waƙoƙi da fina-finai a waya, kuma kowane mako yana zuwa Maraɗi.

Da na iso na tambaye shi, ya ce, "Wallahi Yaya, sau uku ina zuwa. Sun ce ba ta iso ba."

Na yarda. Na yi kwana biyu ban iya cin abinci ba. A mako na uku na hau mota na tafi Maraɗi da kaina, da niyyar yi musu tijara. Matar da ke zaune a buron, wato ofishinsu, ta jawo takardar karɓar kaya ta juyo mini ita. Sa hannunsa ne. Na san shi, don ni na koya masa rubuta sunansa.

Ranar kasuwa na je shagonsa ba tare da na faɗa masa ba. Ordinatar tana kan tebur a buɗe, an liƙa mata hoton 'yan ƙwallo a baya, amma harafin da yatsana ya goge yana nan a goge. Ya ɗago ya gan ni.

"Ina abin da ke ciki?"

"Tawa ce ta lalace, Yaya. Na ce in ɗan ara kafin ki iso."

"Abin da ke ciki na tambaye ka."

"Lambar sirri ta hana ni shiga. Sai na kai aka wanke ta, aka goge komai."

"Kilen fa?"

Ya nuna ta da baki. Tana soke a gefen ordinatar, cike da fina-finai, babu muryar Baba.

Ban ɗauki ordinatar ba. Ya bi ni da ita har gida, na ce ya riƙe. Inna ta yi masa faɗa, ya durƙusa ya ce a yi haƙuri, ai bai san akwai wani abu mai muhimmanci a ciki ba. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ni kuwa duk lokacin da na wuce bakin kasuwa na ji kiɗa na tashi daga shagon nan, sai in tuna muryar Baba. Na yi ta ƙoƙarin tuna yadda Baba ke furta sunan rijiya ta biyu, na kasa. Na fara roƙon Allah ya kawo ranar da ƙanen nan nawa zai buƙace ni.

Ranar ta zo gab da damina. Yayyena biyu suka tashi rabon gado, suka sa har da gonar Rumbu, wadda ƙanen namu ke nomawa shekara bakwai. Ya ce Baba ya ba shi ita kyauta. Suka ce aro ne, in kyauta ce ya kawo shaida. Ba shi da takarda, kuma dattijon da aka yi maganar a gabansa ya rasu.

Da la'asar ya zo ya same ni ina tsince wake.

"Yaya, Baba ya ce mini ya faɗa miki a Dakar. Ke kaɗai kika rage."

Gaskiya ne. Ranar wata Lahadi Baba ya faɗa, da bakinsa, ordinatar na ɗauka: gonar Rumbu ta maraya ce, kada kowa ya taɓa masa. Har iyakokinta ya lissafa, daga aduwar gabas zuwa burtali.

Na ce, "Zan zo."

Ya tafi yana sa mini albarka.

An zauna da hantsi a ƙofar maigarin Rumbu, mutane sun fi ashirin. Da aka zo kaina maigari ya ce, "Ɗiyata, mi mahaifinki ya ce game da gonar ga?"

Na gyara lulluɓi na ce, "Ranka ya daɗe, Baba ya yi wata biyu yana magana a wurina, kuma duk na ɗauki muryarsa a na'ura. Ba na so in ƙara ko in rage a bakin mamaci. Na'urar tana shagon ƙanena. Ya kawo a kunna, kowa ya ji da kunnensa."

Maigari ya juya gare shi. "To, ina take?"

Na zuba masa ido. Shi da kansa ya faɗa wa taron abin da ya yi, tun daga sa hannun Maraɗi har wankewar. Wani tsoho ya yi salati a hankali. Maigari ya sake tambayata ko ina tuna wani abu da ka. Na ce kaina ba abin dogaro ba ne, shi ya sa tun farko na ɗauka a na'ura.

Aka sa gonar cikin gado aka raba.

Da muka koma gida, Inna ta ja ni gefe. Ta ce, "Kin san hukuncin mai ɓoye shaida."

Na ce na sani.

"To ki ba shi kasonki, ko Allah ya sassauta miki."

Ban ba shi ba. Kason da ya faɗo mini shi ne gefen aduwa, inda ya fi zuba taki. Na bai wa wani Bafillace aronsa, yana kwana da shanunsa a wurin da rani, da damina kuma yana shuka gero. Ƙanen nawa ya koma noman gonar surukinsa a Sabon Maci. Yayyena sun san gaskiya, na tabbata, don tun ranar ba wanda ya ƙara tambayata abin da Baba ya ce.

Bana shekara uku ke nan. Ƙanen nawa yana zuwa gaida Inna ranar Juma'a, in ya gaishe ni ina amsawa, iyakarta ke nan. Inna ta tsufa, kuma duk azumi sai ta tayar da maganar, ta ce in je wurin maigari in faɗi abin da na ji tun ina da rai. Na ce mata zan je. Har yanzu ban sa rana ba.