Tutiyar da ke cikin tankin Baba

Ranar wata Juma'a da bazara, ina shekara takwas, Baba ya shigo gida da karonsa, wato amalanken jaki, ruwa na bin sa a ƙasa tun daga bakin layi. Tankin ƙarfen da yake sayar da ruwa da shi a unguwannin Gadarif ta ƙasar Sudan ya sake hujewa, daidai gindin famfon tagullar da ya sa masa don ya yi kyau. Mai walda ya riga ya ce in aka ƙara kawo shi ba zai taɓa ba. Da tankin nan muke ci, babu gona babu kanti.

Kawu Idirisu, ƙanen Inna, yana gidanmu a lokacin, ya zo hutu daga Bur Sudan inda yake kankare jikin jiragen ruwa. Ya tsuguna ya shafa wurin, ya ce, "Yaya, famfon nan naka na gayu shi ke cin tankinka." Ya ce ƙarfe iri biyu in suka haɗu cikin ruwa, wata 'yar wuta takan bi tsakaninsu kamar ta batir, gefe ɗaya ya ci tsatsa, ɗayan ya zauna lafiya. Shi ya sa ake ɗaure wa jirgi wani farin ƙarfe, tutiya, tsatsa ta ci ta a madadinsa. Ya zaro curinta daga akwatinsa, fari-fari, kamar sabulun wanki. Inna ta ce, "Kai Idi, da wannan kake danne kayanka? Ruwan mutane fa ne!" Aka cire famfon, aka lallashi mai walda ya yanka tankin, aka kankare cikinsa har ya yi haske, aka ɗaure curin da ƙusa, jiki da jiki, sannan ya liƙe ko'ina.

Hannuna ne kaɗai ke shiga bakin tankin, sai duba tutiyar ya zama aikina. In na gama shara da ba jaki karan dawa, in hau karo in zura hannu har kafaɗa in laluba. Kullum sai in ji ta ƙara ramewa, ta yi kaushi. Nakan ji tausayinta. Baba kuwa ya ce, "Alhamdu lillahi, tana aikinta."

Yanzu tankunan duk na roba ne, 'ya'yana ba su san tsatsa ba sai a ƙofa. Na Baba yana bayan ɗakina, maƙwabtanmu da yaƙi ya koro daga Khartum a ciki suke tara ruwa, bai ɗiga ba. Kwanaki na so in laluba in ji ko da saura. Hannuna ya daina shiga.