Kota Sapalo, Mai Liƙe Murafen Titin Tsere

Duk shekara, idan makon tseren motoci ya gabato a birnin Huambo, tun kafin a kafa tutoci za ka ga wani dattijo yana tura baro a tsakiyar kwalta, injin walda a ciki, baƙin tabarau rataye a wuya. Shi ne Evaristo Sapalo, wanda yaro da babba ke kira Kota don girmamawa. Duk inda ya tarar da murfin ƙarfe na ramin ruwa sai ya durƙusa, ya kankare tsatsa, ya liƙe shi da wuta. Dalili kuwa, motar tsere in ta bi ta kan murfin da ba a liƙe ba, sai ta fizge shi ta cilla sama kamar faifai, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa wa. In an gama tsere, kowa ya tafi shagali, shi kuma sai ya bi sawunsa yana ɓalle abin da ya liƙe.

A kafaɗar mahaifinsa ya fara kallon tseren nan, zamanin da Turawa kaɗai ke tuƙi, mu namu tafi ne daga bayan shinge. Sai yaƙi ya zo ya haɗiye tseren da titunan baki ɗaya. Shekarun nan Sapalo ya yi su yana toshe hujin harsashi a ƙofofin mutane da tukwanensu.

Da zaman lafiya ya dawo, aka fara maganar farfaɗo da tsere, mutane suka yi ta dariya. Garin da ramukansa suka fi motocinsa yawa? Murafen ma duk an kwashe. Sapalo bai yi musu da kowa ba, sai ya shiga bin gefen gari yana yanko ƙarfe daga ƙonannun motocin yaƙi, a wuraren da ba a gama tone nakiyoyi ba.

Matarsa, Dona Chilombo, ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Yaƙin ya tafi ya bar ka da ranka, shi ne kake bin sa har gida kana sallama?"

Ya ce, "Ai shi ya cinye mana titi, dole ya yi amansa."

Da wannan ƙarfen ya ƙera sababbin murafe. Kai ne, Kota, ka mayar da motar da ta kashe gari ta zama shimfiɗar murnarsa.

Amma abin da ba ma mantawa shi ne ranar da bututun ruwa ya fashe a kwanar gidan burodin Tiya Ngueve, ana gab da sakin motoci. Ruwa ya malale kwalta, ya doshi tanderunta. Baƙi sun cika gari, ga shi ana shirin sanar da cewa an fasa. Makunnin bututun kuwa yana ƙarƙashin wani murfi da Sapalo ya liƙe da hannunsa.

Tiya Ngueve ta fito da garin fulawa har gwiwar hannu tana ihu: "Evaristo! Kai ka kulle, zo ka buɗe, ko in toya ka a madadin burodi!"

Ya zo a guje da baronsa, ya yanke waldar, ya shiga cikin ramin ruwa har ƙirji, ya lalubo makunnin ya murɗe. Saura mayar da murfi, kuma wutar walda a jiƙaƙƙen wuri ajali ce. Nan matan unguwa suka kwance zannuwan goyo, Tiya ta fito da buhunan fulawa da dusa, aka yi ta tsane kwalta ana waƙa. Ya tsaya a kan katako, ya liƙe murfin. Aka yi tsere. Da yamma masu nasara suka hau dandamali, shi kuma yana bayan gidan burodi yana shanya wandonsa.

Bana idanunsa sun gaji, ya ce ya ajiye tabarau. Sai Ndala, direban da ya ci tseren bara, ya rantse sai ya zaga da shi titin sau ɗaya. Ashe duk tsawon shekarun nan Kota bai taɓa shiga motar tsere ba. Aka cusa masa hular kwano, Dona Chilombo na ce wa Ndala, "Ɗana, ka dawo mini da shi da haƙoransa, guda nawa suka rage!"

Motar ta ɓace, ta dawo kafin mu gama dariya. Kota ya fito yana dafa ƙofa, ya dubi Ndala ya ce, "Yaro, da na san haka kuke gudu a kan aikina, wallahi da na ninka waldar."

Mun gode, Kota, maɗinkin titi. 'Ya'yanmu sun je kallo sun dawo gida lafiya, ba su ma san akwai wanda ya durƙusa dominsu ba. Matasan garin nan, kowa so yake ya riƙe sitiyari. To, a samu wanda zai karɓi baron nan tun mai shi yana da ƙarfin nuna masa inda ramukan suke.