Kifi Mai Fitila a Goshi

Jiya a tasha wani direba ya nuna mini bidiyo a wayarsa: baƙin kifi a can ƙasan teku, da fitila a goshi. Har shayina ya huce ban kurɓa ba.

Kawuna ya daɗe a jirgin kamun kifi a Ikko kafin ya dawo Tabanni noma. In an kawo kifi, sai ya duba idon tukuna. Wata rana muna cin tuwo a ƙofar gida, ya ce, "Wannan ɗan sama ne, ya san rana. Na tsakiya idonsa kamar na mujiya. Na can ƙasa kuwa, da fitilarsa yake yawo."

Na ce, "Kawu, wa ke sayar masa da kananzir?"

Kowa ya fashe da dariya. Ya suɗe manja a yatsa, ya ce, "Ɗan nan, ka yi yawo, amma a kan kwalta."

Daga ranar aka ɗauke shi maƙaryaci, bai ƙara ba da labarin teku ba har ya rasu. Yau ko kabarinsa ba na iya zuwa, masu bindiga sun tare hanyar dajin.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya sa ka yafe mini, ko da ban roƙa ba.