Kwantenata Mai Ƙafafun Jak

"Sauke abin nan ka zuba siminti kamar kowa!"

Haka Kawu Ummaru ya daka mini tsawa ranar da ya iske kwantenar da zan buɗe shagon ɗinki a cikinta tsaye bisa jak huɗu na tsohuwar gingimari. A Kaura Namoda ke nan, tun muna Jihar Sakkwato.

Wurin gangare ne, ƙasar kuma da ta sha ruwa sai ta zauna. Shi ya sa na sa Sunday mai walda ya liƙa wa kowane jak farantin ƙarfe. Muka ajiye kwano cike da ruwa tsakar kwantenar, muna murza jak ɗin har ruwan ya daidaita da bakin kwanon.

Kawu ya ce, "Wanga shago ne ko matacciyar mota? Dariya za a yi muna."

Na ce, "Kawu, Allah shi ba ka haƙuri. Su yi. Ba ni saukewa."

Damina ta kankama, kusurwa ɗaya ta nutse, ƙofa ta ƙi rufuwa. Na ɗauko kwanona, na murza jak sau uku, ta rufu. Maƙwabcina da ya dasa kwantenarsa cikin siminti, da igiya ya ƙarasa daminar yana ɗaure ƙofa.

Jiya wani ɗan kwangila ke nuna mini hoton ƙafafun kwantena masu murzawa, wai sabuwar dabarar Turawa. Na ce ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin shagona.

Ku fa, wace dabara aka yi muku dariya a kanta kuka ƙi saki?