Tarun Abilio

Shekara arba'in Abilio ya yi yana kamun kifi a gaɓar tekun yankin Algarve, kafin wani otal ya saye bakin ruwan, har da kwale-kwalensa. Yanzu aikinsa shi ne zama gindin kwale-kwalen yana ɗinkin taru, baƙi suna ɗaukarsa hoto. Kullum da yamma sai ya farke ɗinkin saboda gobe.

"Tsoho, yau ma babu kifi?" in ji matarsa Graciete, tana miƙa masa burodi.

"Bari kawai. Jiya na ɗinke tarun tsaf ban farke ba, da safen nan na ce sai teku."

"To, me ya hana?"

"Na tura kwale-kwalen, ko motsi. Ashe masu otal sun kafe shi da siminti."

Ya zaro wuƙa, ya sake farke tarun.