Ranar Da Aka Haɗa Ni Ekip Ɗaya Da Surukina

Ku matso nan kusa, ku da kuka shigo aiki bayanmu, in ba ku labarin abin da har gobe in na tuna shi sai na ajiye ludayi. Akwai wata Asabar ta bayan damina, shekara uku ke nan, da ba za ta taɓa fita raina ba.

Ni ce Dije mai girki. Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa ma'aikatan wani poroje, wato shirin tallafa wa noma, abincin rana a Dogon Dutsi. Ban yi lakkwal, wato boko, mai nisa ba, kuma ba ni da yawo: daga gida sai madafa, daga madafa sai gida. Amma wanda ke kai shayi biro-biro, wato ofis-ofis, yana jin abubuwa.

A shekarar nan mijin ɗiyata ta fari ya samu aikin tuƙi a wurinmu. Ku yi mini uzuri, ba zan kira sunansa ba, zan ce Direba. Ban sa masa baki ba, jarabawa ya yi da mutum tara ya ci. Dokar wurin ita ce sabon ma'aikaci sai ya yi wata uku na gwaji kafin a sa masa hannu a kwantara. Cikin watannin nan duk abin da ya yi ana rubuta shi a dosiyensa, wato fayil ɗin aikinsa, kuma takarda ɗaya marar kyau ta isa a ce ya koma gida. Ya ci wata biyu lafiya. Kullum da safe yakan tuɓe takalmi a bakin madafa, ya durƙusa ya gaishe ni kansa a ƙasa, in amsa ina kallon tukunya. Abincinsa kuwa Baba Arzika maigadi nake ba ya kai masa, don ba zai ci a gabana ba. Kowa a biro ya san haka.

Sai aka kira taro aka ce daga Yamai an turo wani yaro, Mushe Kader, wato Malam Kader a bakin 'yan boko, ya koya mana haɗin kai. Yadda za a koye shi kuwa, wai da tsere. Za a raba mu ekip-ekip, wato rukuni na mutum huɗu-huɗu, mu tsallake tayoyi, mu haura katanga, mu ja ciki ƙarƙashin igiya, mu ratsa ramin laka. Ba wanda aka ɗauke wa, daga Darakta har mai shara. Baba Arzika, wanda taubashina ne, ya raɗa mini cewa mu da muka saba kwaɓa ƙasa mu gina rumbu, yau da mu za a kwaɓa ta.

An zuba sunaye a hula aka jawo. Ekip ta uku: Madam Rabi sakatare, Baba Arzika, ni, da Direba. Sai wani ya yi tari don ya ɓoye dariya.

Ban yi gardama a bainar jama'a ba. Na bi hanya yadda aka koya mana. Na sami Madam Rabi ta rubuta mini 'yar takarda, na roƙi a musanya ni da wata. Washegari Mushe Kader ya tare ni a tsakar gida da takardar a hannu. Ya ce in aka canja mini kowa zai zo da tasa. Na ce ɗana, ba ƙiwa ba ce, surukina ne. Ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin yaro.

"Inna, a wurin aiki babu suruki. Kolegi kawai, abokin aiki."

Na je wa Darakta, ya ce shi ma ɗan tsere ne, ranar nan Kader ne shugaba.

Ranar Asabar aka kwashe mu a mota zuwa bakin wani tabki a hanyar Kiyeshe. An raba riguna masu launi da gajeren wando. Rigar na sa, wandon na mayar. Na sa dogon wandon ɗana a ƙarƙashin zane, na ɗaure hijabi tamau. Mutanen ƙauye sun bar roron wake sun zo kallo. Wata tsohuwa ta tambaye ni laifin me muka yi.

Ba zan ɓoye muku ba, farkon ya yi mini daɗi. Tayoyin na wuce su ina haki, Baba Arzika yana bayana yana cewa tuwon da nake ɗanɗanawa ne ya hana ni tashi. A katanga Madam Rabi ta tura ni, Baba Arzika ya jawo ni ta sama, Direba ya zagaya can gefe yana duban gona kamar ya ga abin saye. Wajen sauka ne gwiwar Baba ta gurɗe, ya zauna a gindin katanga yana salati. Muka rage mu uku. Ƙarƙashin igiya ma mun wuce, Direba a gaba da nisa, ni a baya da nisa.

Sai ramin. An haƙa shi kamar taku goma sha biyu, an tara masa ruwan tabki. Waɗanda suka riga mu sun tattake shi har ya zama kunu. Dokar ita ce a ratsa hannu cikin hannu, kada a bar kowa. Madam Rabi ta shiga tsakiyarmu, ta kama Direba ta kama ni, muka ce an rabu da Bukar. Amma a tsakiya ƙafata ta dama ta nutse har cinya. Na ja, ta hagu ta bi ta. Madam Rabi ba ta kai nauyin buhun wake ba. Ta ja ni, ta zame, ta faɗi zaune, da ƙyar ta rarrafa ta fita. Ni kuwa duk motsin da na yi ƙasa nake yi, lakar ta kai mini ƙugu, zanena ya fara kwancewa.

Direba ya riga ya kai baki. Bai waiwayo ba, amma ya ji. Ya tumɓuke ɗaya daga sandunan da aka kafa wa tuta, ya komo cikin laka da baya da baya, fuskarsa tana gabas, ya miƙo mini sandar ta bayansa. Na riƙe da hannu biyu. Ya sa ƙarfi ya ja, a hankali, kamar mai fid da saniya daga rijiya, har na ji ƙafata ta taka ƙasa mai tauri. Na gyara zanena. Bai ga komai ba.

Sai usur. Mushe Kader yana tsaye a tudu da farin takalminsa wanda ko ɗigon laka bai taɓa ba. Ya ce an karya doka, ba a yarda da sanda ba, mu koma tsakiya a sake, hannu da hannu. Samarin biro sun ɗaga waya suna ɗauka, ana ihu a kama a kama. Kader ya daka wa Direba tsawa.

"Kama hannunta mana! Nan ba gida ba ne!"

Direba ya durƙusa a cikin lakar nan, ruwa har ƙirjinsa, kansa a ƙasa.

"Mushe, uwata ce."

Kader ya busa ya busa har ya gaji, ya rubuta wani abu a takardarsa. Muka koma muka ɗauko Baba Arzika, Direba ya goya shi, ni da Madam Rabi muna biye. Mu ne na ƙarshe, an riga an fara shan lemo. Tsohuwar nan ce kaɗai ta zo ta zuba mini ruwa na wanke ƙafa, tana cewa Allah ya yi wa yaron nan albarka.

Ranar Litinin aka miƙa masa takardar neman bayani. Ga waɗanda ba su sani ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci ya amsa a rubuce cikin kwana biyu, kuma tana zama a dosiye. Madam Rabi ce ta buga ta, ita ta karanta mini a madafa idonta da ƙwalla. Wai ya ƙi bin umarni, wai ba shi da ruhin aiki tare. Saura masa sati uku gwaji ya ƙare, ga mata da ɗiya biyu.

Shekara takwas ban taɓa shiga biron Darakta ba sai da tiren shayi. Ranar na shiga hannu sake, na zauna ba a ce in zauna ba. Ya fara yi mini bayani cewa rahoto ya riga ya tafi Yamai, hannunsa a ɗaure yake. Na bar shi ya gama.

"Ranka ya daɗe, kai ɗan Dumega ne. In ka je Tibiri gidan surukanka, ina kake barin mota?"

Na amsa masa da kaina.

"Bakin kasuwa kake barin ta, ka taka da ƙafa, takalmi a hannu. In an ce ka kama hannun uwar matarka Hajiya a gaban jama'a ana ɗauka a waya, za ka kama?"

Ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Ya ce Inna Dije, ni ma na sani. Na ce sanin da ba ya fita baki ranar Asabar, me zai yi wa jikokina ranar Litinin?

An cire takardar daga dosiye, an sa masa hannu a kwantara. Amma a ƙasanta an ƙara layi ɗaya: an mayar da shi reshenmu na Ɗan Kassari, wai don kada zumunta ta sake shiga cikin aiki. Kafin wata ya ƙare aka loda katifarsu da tukwanensu a bayan mota. Jikokin da ke kwana a ɗakina, masu tashe ni da rigimar koko, yanzu sai salla-salla nake ganinsu. Mushe Kader kuwa na ji an ce ya je wani gari da usur ɗinsa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne takarda ba ta ɗaukar abin da kowa ya sani, sai abin da mai alƙalami ya ga dama. Mutum talatin ne a bakin ramin nan, dukansu haihuwar ƙasar nan, kowannensu yana da suruka ko zai yi, kuma ba wanda ya buɗe baki. Har ni, sai da wuƙa ta kai ƙashi. Ku in kun ga irin wannan, ku yi magana tun ana tsaye a bakin rami.

To ku da kuka yi karatu ku gaya mini: mutumin da ya komo cikin laka da baya ya fid da ni, bai kunyata ni ba, ya kuma goyi tsoho har ƙarshen tsere, shi ne za a koya wa haɗin kai?