Kwamin Da Ba Ya Cika

A gidanmu na unguwar Dogo Tebo, in an idar da sallar isha'i Kaka ba ta kashe wutar murhu. Sai ta tura gyaɗa cikin toka, mu kewaye ta. Ni ne mai yawan tambaya, shi ya sa take ce mini Alƙali.

"Ga ta nan tafe, ku matso," haka take farawa da Hausarta mai gargadar Ngizim. Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ita ce ta Bukar mai jan ruwa. Maigari ya yi masa alkawari, ranar da ya cika kwamin shanu har baki, zai ajiye guga ya zauna a shimfiɗar manya. Bukar ya duƙufa. Yana zubawa, shanu suna sha. Ana nan sai ɗan wani attajiri ya dawo daga birni, bai taɓa riƙe igiya ba, aka matsa masa wuri a shimfiɗar.

"Kaka, kwamin ya cika?"

"Kai Alƙali, ka taɓa ganin saniyar da ta daina jin ƙishi? Ci gyaɗarka."

Mukan yi ta dariyar wautar Bukar.

Yau ni ƙaramin sojan ruwa ne, ɗan garin da ko kogin kirki babu. Na tsufa a ɗakin injin jirgi. An ce in na yi digiri zan iya neman zama hafsa, na yi shi a tsakanin aiki, ina gyangyaɗi a kan littafi. Na nema, gurabe kaɗan ne, mu kuma da yawa. Na sake nema, maigidana a jirgi ya dafa kafaɗata ya ce, "In na sake ka yanzu, wa zai riƙe mini injin nan? Bari sai baɗi." Yaran da na koya wa ɗaura igiya, yau ni ke sara musu. Ba na jin haushinsu, gajiya ce kawai ta kama ni.

Bana ce damata ta ƙarshe, daga ita shekaruna sun haura ƙa'ida. Zan sake nema. Amma na daina yi wa Bukar dariya, domin yanzu na san ba wawa ba ne, yana da iyali, kuma guga kaɗai ya iya. Da Kaka tana raye, da na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa ce masa sannu.